Koren da Mutari Ya Zaɓa

Shekara goma sha biyar ke nan da aka kawo mana gawar ƙanena Mutari a bayan kamyo, babbar motar kaya, lulluɓe da tabarmar wani bawan Allah da ba mu taɓa sanin sunansa ba. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan soya waina in raba wa yaran unguwa, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana na soya wainar, na yi addu'ar, amma shirun ya gagare ni. Ni Abu ban riƙe bik na yi rubutu ba sai da na aurar da 'yata ta fari. Wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Maganar dai a miƙe take.

Abin da ya tayar da ni ya faru ne a wajen wani suna a gidan yayanmu Alhaji Ilu. Shi yake riƙon Balki, 'yar Mutari, tun tana 'yar ƙarama. Yarinyar ta gama lise, wato babbar sakandare, ta samu gurbin karatun kwamfuta a Zinder. Wata baƙuwa ta yi mata barka a tsakar gida, sai Alhaji, yana wucewa zuwa zaure, ya tsaya ya ce, ba inda za ta je, kantinsa yana bukatar mai zama. Ya ƙara da cewa, "Mun ga ƙarshen wannan sana'ar a gidan nan. Ubanki, Allah ya jiƙansa, amma gari na fama da yunwa shi yana zaune yana zanen 'yan tsana." A gaban matan da suka cika tsakar gida ya faɗa. Washegari Balki ta zo ɗakina. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi da ya fi min sauƙi. Ta zauna a bakin gado ta ce, "Gwaggo, da gaske Baba bai damu da halin da muke ciki ba?"

Yarinya ta girma da wannan tambaya a cikinta, mu muna kallonta muna cewa ai ta yi hankali, ba ta da surutu.

Waɗanda suka girma a ƙasar Kance ba sai na tuna musu shekarar ba. Damina ta yi mana rowa. Gero ya kai gwiwa ya bushe a tsaye, kafin sanyi ya wuce rumbuna sun zama wurin kwanan kaji. Ana cikin haka soja suka karɓi mulki a Yamai. Rediyo ta yini tana kiɗan fareti, mu muna nan muna jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, muna sauya mata ruwa don ɗacinta ya fita. Maza suka tafi cin rani tun lokaci bai yi ba, wasu Kano, wasu Kaduna, wasu har Legas. Matan Kurni da na Icirnawa suka cika Matameye, goyo a baya, suna bin gidaje neman surfe, alhali gidajen ba abin surfawa.

Mutari bai tafi ba, kuma wannan ne laifinsa na farko a idon dangi. Ya riga ya yi nasa cin ranin shekaru a Kano, a wani shago da ake buga takardu ana gyaran salula, wato wayar hannu. Can ya koyi aikin, can kuma ya sayo tsohuwar kwamfuta, ya shigo da ita gari yana rungume da ita kamar jariri. Ya buɗe ɗan shago kusa da tasha da ƙaramin gurup, injin ba da wuta mai tari. Yana cajin salula, yana zuba wa samari waƙoƙi, yana buga wa mutane takardu. A bencinsa matan da mazansu suka tafi suke zama su jira kira daga Najeriya. Da abin da shagon ke kawowa yake auno hatsi tiya ɗaya, rabin tiya, ya kai gida. Ba zan mayar da shi waliyyi ba. Yana da taurin kai, idan ya duƙufa a gaban na'urar nan za ka yi sallama sau uku bai amsa ba, kuma yakan bar gurup yana shan mai bayan masu caji sun watse. Amma tukunyar gidansa ba ta taɓa kwana a kife saboda lalaci ba.

A lokutan da ba ciniki yake aikin da ake zaginsa da shi har yau. Wata rana ya nuna min wasannin da ke cikin salular samari. Duk Turawa ne suna harbe-harbe, ko motoci suna tsere. Ya ce, "Yaya, duba da kyau. Kin ga mai tulu a ciki?" Na ce ban gani ba. Ya ce to shi zai sa. Wasan da yake son yi mai sauƙi ne. Mace ce za ta je rijiya ta ɗebo ruwa, ta dawo gida ba tare da awaki sun ture ta ba. Ƙananan hotunan da ke motsi a cikin wasa, mutum ko akuya ko guga, shi sifirayit yake ce musu, haka ya ji ana faɗa a Kano. Gari kuwa ya ce 'yan tsana.

Ni a lokacin ina makarantar manya, muna zama a ƙarƙashin rumfa bayan la'asar, an ba mu kaye, littafin rubutu mai ƙananan gidaje. Mutari yakan zo ya yagi takarda daga bayan kayena, in bi shi da zagi har ƙofar gida. A kan gidajen nan yake zane. Goma sha shida a tsaye, goma sha shida a kwance, a cikinsu mutum zai fito cif, da tulunsa da ƙafafunsa. Kowane gida launi ɗaya, babu rabin gida. Ido gida ɗaya ne. Idan ya ƙara masa na biyu sai matar ta koma kamar wadda ta ga kura. Ni sana'ata ɗinkin hula, da na kalli takardar na ce masa ai wannan ƙirgen zare ne. Ya buga cinya ya ce haka ne, fuskar kwamfuta ma yadi ce mai ƙananan ramuka, sai dai ita haske ake zura wa kowane rami maimakon zare. Tun daga ranar ya daina satar takarda, ya koma roƙo.

Ni ce matar. Don ya gane yadda ƙafa ke sauka, ya ɗora min tulu a ka ya sa ni zarya a tsakar gida da rana tsaka, shi yana tsugune yana kallon duga-dugaina. Maƙwabta suna leƙe ta katanga suna cewa yunwa ta taɓa kan 'ya'yan gidan nan. Hoto huɗu ya yi. Na farko ƙafar dama a gaba, na biyu ƙafafu a haɗe, na uku ta hagu a gaba, na huɗu sun sake haɗuwa amma tulun ya ɗan karkata. Ya ce idan na'ura ta nuna su da sauri ɗaya bayan ɗaya, tana ɗan matsar da su gaba, ido zai rantse tafiya ake yi. Ranar da ya fara gwadawa ya manta bai umurci na'urar ta sake shimfiɗa filin baya kafin ta ajiye sabon hoto ba. Sai matar ta tafi tana barin kanta a baya, Abu bayan Abu bayan Abu, daga wannan gefe har wancan. Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Yaya, ke ɗaya ma gari bai huta ba, ga ki kin cika layi!" Na ce ya goge su kafin in goge masa baki.

Ya gyara wannan, sai wata ta ɓullo, kuma saboda ita nake wannan rubutu. Hoton murabba'i ne, mutum kuwa ba murabba'i ba ne. Gidajen da suka rage a kewayen matar dole a ɓoye su, in ba haka ba sai ta dinga yawo a cikin akwati tana rufe rijiya da ƙasa. Dabarar ita ce a cika gidajen nan da launi guda, a gaya wa na'ura duk inda ta ga wannan launi ta tsallake, kada ta nuna. A Kano an koya masa ruwan hoda mai ƙarfi ake sawa, wai don ba mai zana kaya da shi. Waɗanda suka tsara haka ba su taɓa zuwa biki a Matameye ba. Zanena na kirki ɗaya tak a shekarar nan ruwan hoda ne mai ƙarfi, kuma shi Mutari ya zana min. Ya kira ni shago in gani, ya danna. Sai ga kai da tulu suna tafiya a sama, ƙafafu biyu suna tafiya a ƙasa, tsakani babu kowa, busasshiyar ƙasa kawai ake hangowa ta cikina.

Matan da ke benci suka fashe da dariya. Ni ban yi ba. Na ce, "Kai Mutari, gwamnati ba ta ganina, kai ma ka ɓatar da ni?" Ya ce in kwantar da hankalina, zai sauya min zane ya sa shuɗi. Na ce zanena ba inda za shi, ya je ya sauya abin da na'urarsa ke ƙin gani. Ya ce to wane launi? Na ce ya sa na kakin soja. Ya waiga ƙofa da sauri ya ce, "Rufa min asiri, Yaya, ina da iyali. Kuma tulunki ma launinsa ke nan." Sai ya tashi ya tsaya a bakin shago, ya daɗe yana kallon titi, da tasha, da bishiyoyin da aka sassaɓe wa ganye aka ba dabbobi, da matan ƙauye da ke zaune a gindinsu. Da ya dawo dariyar ta bar fuskarsa. Ya ce, "Kore zan sa. Bana babu abin da zan zana a garin nan da zai bukace shi."

Wannan ne mutumin da ake ce wa bai ga yunwa ba.

Saboda na ce aikin nasa ƙirgen zare ne, ya matsa min sai na gwada. Na samu farin yadi na ɗinke hotunan huɗu a jere, gida da gida yadda suke a takarda, har da koren da ya kewaye su. Na yi rigar matashi da shi. Ya so ya karɓa na hana, na ce takardun kayena ne kuɗinsa.

Da bazara ta yi tsanani, Alhaji ya tara mu. Ya ce duk namijin da ya amsa sunansa ya ƙetare iyaka, ban da wanda ya zauna yana wasa da matan mutane a benci yana zanen 'yan tsana. Matar Mutari tana wurin, surukansa suna wurin. Mutari ya yi shirin tafiya cin rani. Ya rufe shago, ya ba ni makulli, ya ce saura awakin, idan ya dawo zai ƙarasa. Kamyon da ya hau, mutane a kan kaya, ya kife tun bai yi nisa da iyaka ba. Ban ce Alhaji ya kashe shi ba, kuma ba zan ce ba. Na yi imani da ajali. Kwanansa ne ya ƙare.

Bayan arba'in Alhaji ya sayar da kwamfutar ya sayo hatsi. Wannan ma ba na jin haushinsa. Na ci tuwon, 'ya'yana sun ci, Balki ta ci, Alhaji ya ci har da ƙari. Wanda ya saye ta ya goge duk abin da ke ciki. Takardun kuma aka ƙulle ƙosai da su. Abin da ba zan yafe ba shi ne a ci na'urar mutum a tuwo, sannan a wanke hannu a shekara goma sha biyar ana cewa ba ta tsinana komai ba. Duk sanda aka ambaci Mutari a gidan nan sai an ce "Allah ya jiƙansa, amma." Wannan amma ɗin ita aka shayar da 'yarsa da ita. Da ta nemi taɓa salular wani, sai a ce jinin uban ne. Da ta yi zane a bayan kaye, sai a ce a kula da ita. An mayar da mahaifinta abin tsoratar da yara, kuma waɗanda suka yi haka har yau suna sahun gaba a masallaci.

Nakan tambayi kaina me zai ce da zai leƙo Matameye yau. Ina jin da farko zai ɗauka gyangyaɗi ya yi, don soja suna nan a kan mulki, rediyo tana kiɗan da ya bari, maza suna hawa kamyo a kan kaya kamar jiya. Sannan zai duba hannun mutane. Mai nama da salula, mai faci da salula, tsohuwa mai daddawa da salula. Zai wuce ta gaban kantin Alhaji ya same shi a kan kujera, tabarau a kan hanci, yana goga yatsa a gilashi yana jera 'yan alewa masu launi, mai sayen sabulu yana tsaye yana jira. Na gan shi da idona, ba labari aka ba ni ba. Wasan da wani ya zana a wata ƙasa halal ne a yini ana yi, wanda ɗan uwanka ya zana a bayan kayen yayarsa shi ne abin kunya. Kuma da Mutari zai karɓi salular ya duba, zai sake yi min tambayar nan, in sake ba shi amsar nan. Har yau babu mai tulu a ciki.

Ranar da Balki ta zo da tambayarta ban tsaya yi mata wa'azi ba. Na buɗe akwati na ciro rigar matashin na shimfiɗa mata a cinya. Ta taɓa ganinta tana ƙarama, ta ɗauka ado ne kawai. Na ce ta ƙirga. Ta ƙirga tsaye, ta ƙirga kwance, ta dubi na farko ta dubi na uku, sai na ga hannunta ya tsaya. Ta ce, "Gwaggo, wannan ai tafiya ce." Ta je ta aro kwamfuta wajen wani mushenta, wato malaminta na lise, ta zauna a ɗakina tana ɗaukar zare ɗaya ɗaya tana mayar da shi haske. Ni ina gefe da allura ina nuna mata inda zaren ya koɗe, ina gaya mata wannan ja ne da, wannan baƙi.

Da ta gama ta danna, matar ta tashi ta kama hanya, da zanenta ruwan hoda, amma a cikin koren akwati. Balki ta ji daɗi, ta ce ashe Baba ciyawa ya shimfiɗa mata. Na ce a'a, koren nan ba na gani ba ne, shi za ki ce wa na'ura ta tsallake. Ta ce su a lise ruwan hoda aka nuna musu, me ya sa shi ya zaɓi kore? Sai na ba ta labarin yadda na ba ku, har tsayuwarsa a bakin shago. Ta gyara umarnin, koren ya ɓace, matar ta fito fili tana taka busasshiyar ƙasa. A nan ne kukan da ba ta yi ba ya zo. Na bar ta ta yi.

Ni na ɗauki kwamfutar da kaina zuwa kantin Alhaji, Balki tana bina da rigar matashin. Na ajiye a kan teburinsa na ce, "Yaya Alhaji, ajiye alewar nan ka ga 'yar tsana." Ya haɗe rai, amma ya duba. Ya ce a maimaita. A karo na biyu ya ce, "Wannan ai tafiyarki ce, Abu. Har jan ƙafar hagun." Sai ya dubi yadin ya dubi gilashin ya ce ina koren ya tafi? Balki ce ta gaya masa. Ya cire tabarau ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Ya ce, "Allah ya jiƙan Mutari." Na tsaya ina jiran amma. Ba ta zo ba.

Kada ya ɗauka ya biya. A gaban jama'a ya zagi mamaci, a cikin kanti ya yi shiru, shi ya sa na kawo maganar nan a jarida, don matan da suka ji waccan su ji wannan. Amma ranar da na raka Balki tasha bai aiko a tare mu ba, kuma buhun garin da aka ɗora mata a mota ba daga ɗakina ya fito ba.

Mutari bai bar gida ba, bai bar gona ba. Kabarinsa ma sai mu da muka sani muke gane shi. Hotonsa ɗaya ne, na katin ɗan ƙasa, kuma bai yi kama da shi ba. Wasansa bai ƙarasa ba, babu akuya ko ɗaya a ciki. Abin da ya bari mace ce da ba ta fi ƙwayar wake ba, da tulu a ka, tana tafiya yadda matan garin nan suka yi tafiya a shekarar da ba wanda ya kalle su, shi kuwa ya tsuguna ya kalli inda ƙafarsu ke sauka. Ya kuma bar 'ya da yanzu ta san wane ne ubanta.

Rigar matashin tana cikin jakar Balki a Zinder. Ta kira ni ta ce ta fara zanen awakin, kuma tana so ta ɗora wa matar ganyen zogale a gefen tulu, tunda bana an yi ruwa, sai dai duk ganyen da ta zana ɓacewa yake. Na ce to ta sauya launin mana. Ta ce a'a, za ta nemi wani koren daban ta yi ganyen da shi. Na Baba ba za ta taɓa ba.